Mai Labule da Motar Mamaci

A duk layin masu ɗinki babu wanda ya kai Mai Labule iya kallon taga. Shekara talatin yana wannan sana'a. Idan ya shiga falonka ya ɗaga kai sau ɗaya, ya riga ya san yadi nawa za ta ci. Tef ɗin awon da yake zarowa don hankalinka ya kwanta ne kawai. Hatta kuɗi ba ya kiransa da sunansa, da taga yake auna shi, wato abin da yake samu a ɗinki da ɗaurin taga guda. Makarantar tagwayensa taga tara ce a zango. Ranar da matarsa, Maman Biyu, ta ce tana son sabon firji, sai ya dube ta da tausayi ya ce, "Taga shida fa kenan, har da 'yar ƙaramar ta banɗaki."

Gajere ne mai ɗan tumbi, gemu ya yi furfura, amma mahaifiyarsa har gobe Auta take kiransa, ko a gaban masu kawo aiki. Inna a gidansa take, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma inuwa-inuwa yake gani. Ƙugunta ya taɓa karyewa bai haɗu daidai ba. Ana cikin wannan kuma sai ƙoda ta tsaya. Duk Talata da Juma'a, ƙarfe biyu na rana, sai an ɗora ta a kan injin wankin ƙoda. Likita ya gaya masa ido da ido: in ta tsallake sau ɗaya jiki zai kumbura, in ta tsallake biyu ba ya yi masa alƙawarin komai. Injin kuma layi ake bi, ka makara da yawa a ɗora wani.

Hanyar ce bala'in. Tafiyar minti arba'in ce, titin kuwa ramuka ne aka ɗan yayyafa wa kwalta don kada su ji kunya. A tasi, kowane rami sai Inna ta cije leɓe ta damƙe hannun Auta har farcenta ya bar shaida. Ba ta taɓa kuka ba. Sai wata Juma'a da suka dawo, yana gyara mata filo, ta ce, "Auta, ni fa na gaji. Wankin nan a bar shi haka. Hanyar ta fi ciwon."

Ya gama gyara filon, ya ja mata ƙofa ya fita.

A makon ne aka kira shi wani ƙaton gida. Maigidan ya rasu wata huɗu baya, matar tana so a sauke labule masu nauyin nan da marigayin yake so, a sa masu shigo da haske. Yana kan tsani yana kwance ƙarfe sai ya hango ta ta taga: mota baƙa, doguwa kamar zaman jiran albashi, tamfol ya rufe rabinta a ƙarƙashin rumfa.

"Hajiya, wannan kuma ta waye?"

"Tasa ce," in ji ta, ba ta ko waiwaya ba. "Kana so?"

Ya yi dariya irin ta talaka da aka tambaya ko yana son jirgin sama. Sai ta faɗi kuɗi. Ya buga a kansa, taga arba'in. Motar da sabuwarta ta fi ƙarfin tagogin unguwa guda! Mai hankali a nan zai tambaya me ya sa. Shi kuwa tambayar da ya yi ita ce, "Tana jin rami?"

"Rami? Shekara goma sha ɗaya yana shan shayi a cikinta bai taɓa zuba a riga ba. Bai taɓa riƙe sitiyarinta ba ma, a baya yake zama, ɓangaren dama. Direban tun kwana uku da rasuwar ya ajiye min makulli ya tafi ko sallama babu. Ni dai a fitar min da ita daga gidan nan."

Ya kwashe abin da ya tara, ya sayar da tsohon keken ɗinki ɗaya, ya kawo mota gida.

Gaskiya a faɗa, ranar farko motar ta biya kuɗinta. Irin waɗannan ba a kan sifirin suke zaune ba, a kan jakunkunan iska suke, ƙafa huɗu, kamar an ɗora falo a kan gajimare. Aka zaunar da Inna a baya ta hagu, inda ya fi sauƙin shigar da ƙugunta. Kafin su fita daga unguwa ta yi barci. A ƙofar asibiti ta farka ta ce, "Ikon Allah! Yaushe aka gyara titin?" Mai Labule ya juya kai gefe ya ce wani abu ne ya faɗa masa a ido.

Kwana tara aka yi ana amarci. A na goma ya fito da safe ya tarar da motar ta durƙusa. Ba gaba ɗaya ba, ƙafar baya ta dama kaɗai, ta nutse har taya ta shige cikin jiki, sak kamar wani ƙato ya shiga ya zauna yana jiran a ja shi. Ya leƙa ta gilashi. Babu kowa, sai fatar kujerar da ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya. Da ya kunna, wani fanfo ya yi gurnani a ƙarƙashi, motar ta miƙe a hankali kamar tsoho ya tashi daga tabarma.

Aka nuna masa garejin Mai Kwamfuta, inda ƙasa tayil ce, bakanike ma da farar riga kamar zai yi maka allura. Mai Kwamfuta ya soka waya a ƙarƙashin sitiyari, ya kalli allo, ya kalli Mai Labule, ya ja masa kujera.

"Zauna tukuna, yallaɓai. Ciwo ashirin da uku ta faɗa min."

Jakar iska ta tsage, kuma ba a canza ɗaya sai biyu. Giyabos yana fizga tsakanin giya ta biyu da ta uku. Fanfon ruwa na roba ne, ya fara gumi. Baƙin mai lita tara take sha, kuma ba kowanne ba, in ka ba ta na gama-gari sai ta yi fushi. Batir a but yake, in ka sayi sabo ma sai an gabatar da shi ga motar da kwamfuta, kamar an kai saurayi gaisuwar surukai, in ba haka ba ta ƙi shi. Makulli ɗaya in ya ɓata, taga huɗu.

"Duk waɗannan za su iya jira kaɗan," in ji Mai Kwamfuta. "Amma ga wanda ba ya jira. Gasket ɗin saman inji, wanda ke hana mai yoyo, ya bushe, mai yana ɗiga a kan salansa. Salansa kuwa wuta ce. Sai an sauke rabin inji kafin a kai gare shi."

"Nawa?"

Ya faɗa. Taga ashirin da biyu. Mai Labule ya ji kamar tsani ya zame da shi. Ya biya na jakunkunan iska, taga goma sha huɗu, don su ne dalilin sayen motar. Sauran ya ce sai an ga hali. Ga fetur kuma, wanda take sha kamar an ce gobe za a hana. Sandunan labule ma ba sa shiga but, sai ya zuro su ta taga. Ka ga mota ta alfarma da ƙarafa sun leƙo kamar gashin baki, 'yan layi suna ɗaga masa hannu suna "Ranka ya daɗe, a sauka lafiya!"

A mako na uku ne Inna ta fara gaisuwa. Sun hau titi kenan ya ji ta ce, "Sannu da hutawa. Ya ƙarfin jiki?"

"Inna, da wa kike?"

"Da bawan Allahn nan mana. Kai ma ba ka da kirki, ba ka ce min da wani za mu riƙa tafiya ba, da na sa mayafin kirki."

Ba ta rufe baki ba sai allon gabansa ya yi ƙara, ɗin, ɗin, ɗin. Hoton kujeru ya fito, ta baya ta dama ta yi ja: akwai mutum, bai ɗaura bel ba. Ya kalli madubi. Kujera ce kawai, da lotsawarta. Sai wani ƙamshin turare mai nauyi, irin wanda ba a sayarwa a layinsu, ya taso ya cika motar, ya ɓace.

Ba a nan ta tsaya ba. Tagogin baya suna da ɗan labulen raga da ke hawa da lantarki. Duk lokacin da rana ta bugo ɓangaren dama, sai na wannan ɓangaren ya hau da kansa, suuu, a hankali, daidai yadda mai jin zafin rana zai so. Wannan ya fi komai taɓa Mai Labule. Shekara talatin yana harka da labule, ya san labule ba ya ɗaga kansa. Kuma Inna ta lura da wani abu: kafin kowace wuta ta kama a allo, sai mutumin ya yi gyaran murya. "Ga shi nan ya yi," za ta ce. Kafin ya ƙirga uku, wutar gargaɗin baƙin mai ta kama.

Maman Biyu sau ɗaya ta shiga ta ji gaisuwar, ta sauka a mahaɗa ta hau bas.

"Baban Biyu, ni ba na shiga motar da ake gaisawa da kujera. Ka mayar musu da kayansu."

"In mayar, Inna ta koma tasi? Kin ji abin da ta ce ranar nan."

Ta ji kuwa, don haka mota ta ci gaba da zama a gidan.

Da ƙarar ta ishe shi, ga aljihu ya bushe, sai wani abokin sana'a ya kai shi wurin Kashe-Wuta. Gindin bishiya ne a bayan kasuwa, da benci ɗaya da akwatin wayoyi. Sunan ba a banza ya same shi ba. Shi ba ya gyara mota, lallashinta yake yi ta yarda lafiyarta ƙalau.

"Maigida, motocin manyan nan tsegumi ne da su," in ji shi, yana ɓare waya da haƙori. "Abu kaɗan sai su kai ƙara. Mai ya ɗiga? To wace mota ce ba ta ɗiga? Ni kaina ina ɗiga in na sha shayi da yawa."

"To mutumin da take cewa yana baya fa?"

"Wane mutum? Wata 'yar shimfiɗa ce a cikin kujera mai jin nauyi. Marigayin ƙato ne, ko? To ya danne ta shekara da shekaru, ta saba. Labulen kuma maɓalli ne ya sha raɓa. Durƙuso kuwa ai an gaya maka, iska ce. Kowane aljanin motar nan ina da fiyus ɗinsa."

Cikin awa biyu ya gama. Ya haɗa wannan waya da waccan, ya zare 'yar lasifikar da ke ƙara ya jefa a akwatinsa, wutar da ta ƙi mutuwa ya buɗe allo ya manna mata baƙin tef ta ciki. Duka rabin taga. Mai Labule har da ƙara masa na shan ruwa.

Motar ta yi tsit. Allo baƙi ƙirin, babu ja babu rawaya. Mako shida babu ɗin, babu gurnani, labule ya zauna inda aka ajiye shi. Da farko ya ji daɗi. Daga baya shirun ya fara yi masa nauyi a wuya, irin shirun ɗakin da aka daina magana don ka shigo. Wani ƙauri-ƙauri yana tasowa in sun daɗe a cunkoso, sai ya rataya turaren mota guda biyu. Yana ƙara mai duk mako ba tare da an tambaye shi ba. Inna ma ta rage hira.

"Ya tafi ne, Inna?" ya tambaya wata rana, da murya kamar ta wasa.

"Ina fa. Yana nan. Gyaran muryar ne ya daina. Bakinsa yana motsi amma ba na jin komai. Kai yake kallo ta madubi, Auta. Me ka yi masa?"

Mai Labule ya kai hannu ya karkatar da madubin ya koma kallon rufi. Tun daga ranar da madubin gefe yake tuƙi.

Wata Talata ce, rana ta take, ƙarfe ɗaya da kwata. Sun tsaya a danja, a mahaɗar da ke gaban wani shagon fenti, saura tafiyar minti ashirin. Sai ya ji makullin ƙofar baya ya yi ƙwas. Ƙofa ba ta buɗe ba. Amma motar ta ɗan ɗaga ta dama, kaɗan, kamar an sauke buhu.

"Af," in ji Inna. "Ya sauka."

"Wa?"

"Mutumin. Ga shi can bakin titi ya tsaya, ya riƙe hularsa a hannu. Kallonmu yake."

Danja ta ba da hannu. Na baya suka fara hon. Ya kalli bakin titi, babu kowa sai gwangwanayen fenti a jere. Ya kalli allo, allo baƙi, lafiya lau kamar kullum, tunda shi da kansa ya biya aka koya masa faɗin haka. Ya kalli agogo. In ya taka, za su isa da sauran lokaci. In ya tsaya saboda maganar tsohuwa mai yana a ido, injin asibiti ba zai jira su ba. Ya taka totur ya tsallake mahaɗar.

"Auta." Muryarta ba ta ɗaga ba. "Mutumin da mutuwa ma ba ta tashe shi daga kujerarsa ba, yau ya tashi da ƙafarsa. Mu me muke jira?"

Ya gangara gefe ya kashe mota.

Fitar da Inna aiki ne na minti huɗu in an bi a hankali: ƙafa ɗaya, hutu, ƙugu, hutu. Ya danna maɓallin but don ya ɗauko keken guragun Inna, but ya ƙi. Ya sake dannawa. A nan ya ga fentin bonet yana tashi ƙuraje-ƙuraje, wani siririn hayaƙi yana fitowa ta gefen fitila, shiru, ba ko tari. Bai san lokacin da ya durƙusa ya ce, "Inna, hau bayana" ba. Mutumin da ke haki in ya hau tsani mai taka shida, ya goya uwarsa ya yi taku talatin bai tsaya ba. Ta yi ƙara sau ɗaya saboda ƙugun, karo na farko da ya taɓa ji. Yana sauke ta a inuwar wani kanti ya ji fuuu a bayansa.

Jama'a suka taru, masu yashi da masu bokiti, wani ya kawo tukunyar kashe gobara da ta ƙare tun bara. Kowa yana ba da shawara. Mai Labule ko juyawa bai yi ba, agogo yake kallo. Biyu saura ashirin da biyar. Wutar ta tsayar da titi cak, babu tasi mai motsi, in ma akwai, Inna ta riga ta ce, "Kada ka sa ni a tasi, Auta, gara ka bar ni nan."

A gaban cunkoson, inda hanya take a buɗe, wata motar kaya mai rufi ta tsaya, direban ya fito kallon gobara da rake a hannu. A jikinta an zana katifa. Mai Labule ya ruga ya kama hannunsa.

"Ɗan'uwa, me ka ɗauko?"

"Katifu. Lafiya?"

"Masu taushi?"

"Baba, motarka tana ci da wuta kana cinikin katifa?"

"Bar ta ta ci, ta saba ci. Uwata ce za ta asibiti."

Direban ya kalli tsohuwar, ya jefar da raken. Suka shimfiɗa uku a kan juna, ko ledarsu ba a cire ba, suka kwantar da Inna a tsakiya, Mai Labule ya zauna a gefe ya tokare ta da filo. Mai Katifa ya ja mota kamar ya ɗauko ƙwai. Biyu da minti bakwai suka shiga ɗakin wanki, nas tana shirin kiran na gaba.

"Inna, yau kin makara," in ji nas.

"'Yar nan, rasuwa aka yi mana a hanya. Sa min abin."

Washegari Kashe-Wuta ya zo kallon gawar motar, ya zagaya ta sau biyu ya ce ai da an kawo masa ita da ya ga alama. Mai Labule ya dube shi har sai da mutumin ya tuna yana da aiki a wani wuri. Gaban motar ya ƙone ƙurmus, bayanta ko tabo babu. Masu saye suka zo, wani ya ce zai sa mata wani inji ta tashi. Mai Labule ya ƙi. Ya sayar wa masu yanka ƙarfe a taga uku, ya tsaya a kansu har suka raba ta gida-gida, don kada wani mai tsohuwa ya hango ta ta taga.

In ka tambaye shi yau, zai ce maka mai ne ya ɗiga a kan salansa, an gaya masa bai ji ba, ya biya rabin taga aka rufe bakin mai gaya masa. Iyakar abin da zai ce kenan, sai ya ci gaba da lanƙwasa bakin labule.

Da Mai Katifa kuwa suka shirya. Duk Talata da Juma'a yana biyowa da tsofaffin katifu uku da aka ware wa Inna. Motar rufe take ruf, babu taga ko ɗaya, mai ido biyu ma ba zai san inda ake ba. Amma a tafiya ta farko, suna cikin duhun nan, Inna ta ɗaga hannu daga kwance ta ce, "Sannu da tsayuwa." Mai Labule ya leƙa ta tsagar ƙofa. Shagon fenti ne ke wucewa.

"Yana nan, Inna?"

"Yana nan, da hularsa. Mota yake jira. Yana tambaya ko kai ne za ka dawo ka ɗauke shi."

Mai Labule ya buga bangon motar da tafin hannu har Mai Katifa ya tsaya. Daga ranar suka koma bin hanyar bayan gari, wadda ta fi tsawo da minti goma sha biyar. Ƙarfe ɗaya saura kwata suke fita. Shekara uku Inna ta ƙara a duniya, ba ta tsallake wanki ko sau ɗaya ba.